Shekarar Jar Alkama

Asabar, da hantsi

Jirgin ƙasa na kaya ya sake faɗuwa a kwanar bayan unguwarmu. Ina kan soro ina shanya na ji ƙarar, irin wadda haƙori ke fara ji kafin kunne. Kafin in sauko lungu ya yi fayau, kowa ya nufi layin dogo da bokiti da kwando da zanin gado. Maƙwabciyarmu Masi Wazira, wadda ta shekara tana cewa gwiwa ta hana ta ruku'u, ta wuce ni a guje rungume da tukunya.

Ba wanda ya mutu. Taragu sun kwanta a gefe kamar shanun da suka ƙoshi, alkama ta malale har cikin kwata.

Daga kan gadonta Amma ta tambaye ni, "Rifat, me ya zubo?" Uwata ke nan. Ba ta tambayi ko an rasa rai ba. Na ce alkama. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Bai manta da mu ba."

Ni ban je ba. Ba na zuwa. Kowa ya san dalili.

Asabar, bayan la'asar

Ja ce. Alkamar ja ce, kamar an yi mata lalle.

Yayana Lala Mazhar ya shigo da tafi guda yana ta washe baki. Shi ke da injin niƙa, saboda haka shi ke rabo, kamar yadda mahaifinmu ya yi kafin shi: a tara komai a ɗakin inji, a auna wa kowane gida gwargwadon bakunan da ke cikinsa, a ware na tukunyar sadaka. Ya zo da buhu ɗaya da aka zazzage, wai Bhabi Tasnim, matarsa, ta yi shimfiɗar ƙofa da shi. Na karɓa na juya.

Na ce, "Lala, wannan iri ne. Na shuka ne, an shafe shi da magani."

Ya ce, "To iri ba alkama ba ne? Uwarsa daban?"

"Ka ga ƙoƙon kan mutum a jikin buhun?"

"Na gani. Ya yi kama da mai duba makarantunku. Don ɓarayi suka zana shi, Ustani."

Idan ya kira ni Ustani, wato malamar makaranta, ba girmama malanta yake yi ba.

Na ce, "Ai mu ne ɓarayin."

Dariyar ta ɗauke. Ba a faɗin wannan kalmar a unguwar nan. Ya ce abin da ya faɗi ƙasa ba na kowa ba ne, ya fita bai sha shayinsa ba.

Lahadi, da yamma

Mata sun cika ɗakin Amma suna lissafin shekaru. Mu ba mu da kalanda sai kwanar nan. An haifi Lala shekarar sukari. Ni shekarar gishiri, kuma kullum sai wata ta ce shi ya sa. An yi shekarar auduga, da kowace amarya ta samu bargo. An yi shekarar alkama ta farko, lokacin tsada, wadda Amma ke rantsuwa da ba don ita ba da an binne rabin yaran lungun nan. Ban ƙaryata ta ba. Ina cikin yaran.

Suna zuwa kan shekarar kananzir, wadda na rasa mijina a cikinta, sai suka rage murya suka kalle ni. Na tashi na ɗora ruwa.

Abu ɗaya ne ya sa numfashina bai tsaya ba: ba gidan da zai taɓa rabonsa sai an dafa halim, faten alkama da nama, na sadaka ga waɗanda dogo ya ci. Matattu ke fara ci. An sa ranar Alhamis ta farkon wata mai kamawa. Ban taɓa zaton zan gode wa al'adar nan ba.

Litinin, da azahar

'Yan sandan jirgi sun zo. Ba wanda ya ga komai. Unguwa guda ta makance. Wani tsoho ya rantse musu bai ma san jirgi na bi ta nan ba, ga tarago kwance a bayan bangonsa.

Na tsaya a ƙofa, wani ɗan sanda ya dube ni, na dube shi. Masi Wazira ta zo ta tsaya kusa da ni har kafaɗarta na gugar tawa. Na gane gargaɗin. A shekarar gawayi wani ya yi magana, aka tafi da mijinta Ramzan da ƙafarsa, aka dawo da shi a keken doki, bai sake miƙewa ba. Wanda ya yi maganar ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Har yau ba a ambaton sunansa.

Ban ce komai ba.

Talata, da safe

Kwatocin unguwa duk sun yi ja. Wanke ta suke yi. Sau uku, sau huɗu, har ruwan ya fita fes, su shanya a soro su ce ga shi nan, fenti ne kawai.

Shekarun baya na karanta a jarida labarin wata ƙasa da manoma suka yi haka. Sun wanke, launin ya fita, maganin bai fita ba. Sun ci sun yi makonni lafiya lau, sannan idanu suka fara tafiya, da ƙafafu. Na faɗi wannan a bakin famfo, da ƙarfi, yadda nake yi wa 'yan ajina. Wata ta ce, "Baji," haka ake kiran mace a nan don girmamawa, "in kin gama karanta jaridar ki ba ni in naɗe barkono."

Masi Wazira ta ce za a gwada da kajinta. Kowa ya yarda da hukuncin kaji.

Alhamis, da yamma

Kajin suna nan lafiya.

Juma'a, bayan masallaci

Na tare limaminmu Maulwi Ghafur a ƙofar gidansa. Ya saurare ni yana kallon bango. Ya ce arziki daga Allah yake, ciwo ma daga Allah yake, kuma bai dace mace mai ilimi ta sa wa mutane waswasi a cikin sadakar mamata ba. Ya ƙara da cewa, "Har da mamacinki a ciki, 'yar'uwa." Ta bayansa ina hango jar alkama a shanye a kan tabarma.

Na dawo na tarar da taro a bakin inji. Ban san me ya hau kaina ba. Na ce wa Lala a gaban maza, in ya yarda da alkamarsa me ya sa yake sa kaji su ci a madadinsa?

Ya dube ni. Ya shiga ya niƙa mudu guda, ya aika aka gasa gurasar roti, ya zauna a kan buhu ya cinye da albasa mutane na tafi. Wani ya ce ai ba a yi sadaka ba tukuna. Ya ce shi ba ci yake yi ba, gwaji yake yi, kuma zai yi ta gwadawa kullum safe da yamma har ranar tukunya, don ƙanwarsa ta samu barci.

Na san halinsa tun ina goye. Na san abin da zai yi in aka ƙure shi a gaban jama'a.

Na gaji.

Lahadi, da hantsi

Na kulle garin gidanmu a akwatin littattafaina don kada a gauraya shi da jar, makullin na wuyana. Bhabi Tasnim ta ce, "Yanzu sai mun roƙe ki kafin mu ci?" Na ce e. Yaranta dai ba za su ci jar nan ba muddin ina numfashi. Ta yi tsaki, amma na lura ba ta kai ƙara wurin mijinta ba.

Laraba, bayan makaranta

Na je ƙaramin asibitin bakin titi. Likitan yaro ne, da ƙyar gashin baki ya fito masa. Ya ce in kawo masa ƙwayar ya gani, amma in sani, da zarar ya gani dole ya rubuta, da zarar ya rubuta 'yan sanda za su karanta. Ya tambaye ni a wurin wa take. Na ce tambaya kawai nake yi, don darasi.

Ya ce, "Darasi mai kyau, Baji. Kada ki bari ya yi tsawo."

Asabar

Kajin suna nan lafiya. Lala yana nan lafiya. Ya ce har ƙiba ya yi. Yara na bin ni a lungu suna kukan kaza.

Talata, da yamma

An ɗaga taragun, an gyara dogo, jirage sun dawo suna wucewa a hankali kamar masu jin kunya. Ma'aikata sun zuba tsakuwa a inda suka saba zubawa. Ƙasar kwanar nan gishiri ya cinye ta tun kafin a haife ni, kowa ya sani, kuma ba na jin akwai mutum ɗaya a unguwar da ya taɓa yin addu'ar a gyara ta da gaske.

Amma ta ce in zauna ta tsefe mini kai. Tana tsefewa tana cewa, "Ke tun da abin nan ya faru kike fushi da jirgi. Jirgi bai san kina yi ba." Na ce ba da jirgi nake fushi ba. Ta ce, "Sarwar ba don kwaɗayi ya ɗauki bokiti ba. Fitilar gidanku ce ba mai." Na ce Amma ki bari. Shekara nawa ba ta kira sunan mijina a gabana ba.

Ban karanta ko layi ɗaya ba yau. Na buɗe littafi na zuba masa ido.

Juma'a, da safe

Kofin shayi ya suɓuce daga hannun Lala. Ya ce zafi ne.

Lahadi, da safe

Ya ce yatsunsa sun yi barci, wai kwanciya ce a kan hannu. Bhabi ta shafa masa man mustad. Ta kalle ni ta saman kansa, na kalle ta.

Na ce, "Lala, ka ci nasara. Na yarda. Ni ce jahila. Ka daina."

Ya ce, "Ki faɗa a bakin inji."

Na je na faɗa a bakin inji. Aka yi dariya, aka yi masa kirari. Da yamma ya sake cin rotinsa, wai mutum ba ya fara abu ya bari saura kwana kaɗan.

Litinin, da magariba

An ga wata.

Talata, da safe

Maɓallin rigarsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Ya daɗe a kan na sama, sannan ya bar shi a buɗe ya ce yau zafi ake yi. Akwai sanyi har Amma ta sa an kawo mata garwashi.

Da zai fita kafaɗarsa ta bugi ƙyauren ƙofar da ya yi shekara hamsin yana wucewa ta cikinta.

Na ce wa Bhabi ta faɗa wa mutane abin da take gani. Ta ce, "In ce mijina me? Ke kin san abin da zai yi mini?" Ta fashe da kuka a cikin gyale. Ni ko kukan ma ba ni da ƙarfinsa.

Laraba, da hantsi

An jera manyan tukwane a filin masallaci. An jiƙa alkamar, an sayo nama, an kawo itace. Gobe iwar haka za a tuƙa ta har ta narke, kowane yaro a unguwar nan zai zo da kwanonsa. 'Yan ajina sun ce za su kawo mini nawa har gida, mai yawan soyayyar albasa. Daga gobe kuma kowane gida zai buɗe buhunsa.

Na ce wa shugabar makaranta kaina na ciwo.

Laraba, bayan la'asar

Na je inda na je. Tafiyar ba nisa, dogo kawai ake bi. Ɗan sandan da na tarar ya sa na maimaita sunan mai injin sau biyu, sannan ya dubi sunana ya ɗago kai.

Alhamis

Ba a dafa ba.

Juma'a, da azahar

'Yan sanda sun kifar da tukwanen a rami sun zuba kananzir sun cinna. Kananzir. Warin ya shigo har ɗakina.

Sun kwashe abin da ke ɗakin inji, sun tafi da Lala da wasu mutum biyu. Na roƙi babbansu, na ce Lala ba shi da lafiya, asibiti za a kai shi, haka muka yi da ku. Ya ce ba su yi komai da ni ba. Duk lungu ya ji.

Sun shiga gidaje kaɗan ba su samu ko ƙwaya ba. Mutanen nan sun gaji ɓoyo. Tana cikin akwatunan barguna, tana ƙarƙashin tarin kashin shanu, tana cikin matasan kai. Ke nan na ba da yayana, alkamar kuma tana nan.

Masi Wazira ta tsaya a ƙofarmu ta tofa yawu, ta ce, "Da hannuna na yanke miki cibiya." Ta tafi.

Lahadi

Mai madara ya tsallake ƙofarmu. Rabin ajina ba su zo ba jiya. Amma ta juya fuska bango. Bhabi na ajiye mini abinci a ƙasa kamar na mage.

Talata, da yamma

Sai shaƙar iska nake yi ina neman ƙamshin sabon roti daga gidajen mutane. Abin da ya tsare su kawai shi ne ba a yi sadaka ba, ba wanda ke son ya riga matattu. Amma na ji Maulwi ya ce ana iya yin ƙarama a gida, kowa da tasa, wannan Alhamis ɗin.

Na gaji da hanci na. Na gaji da samun gaskiya.

Laraba, da safe

Sun sako shi. Ba don tausayi ba, sun ga ba ya iya tsayuwa ne suka ji tsoro ya mutu a hannunsu. A keken doki aka kawo shi. Na ga fuskar Masi Wazira lokacin da keken ya shigo lungu, ba kuma zan rubuta yadda take ba.

Akwai shatin duka a bayansa. Maganarsa na fita a jaye kamar ta mai maye. Kafin azahar labari ya gama unguwa: duka ne ya lalata shi, ƙanwarsa ce ta sa. Alkama ba ruwanta.

Likitan ya zo ya duba idonsa da fitila, ya ce a kai shi babban asibiti a Multan. Ya faɗi abin da ya gani a tsakar gida da ƙarfi. Wani daga ƙofa ya ce ai likita da ɗan sanda uwarsu ɗaya.

Laraba, da la'asar

Na shiga da ruwan ɗumi zan gasa masa baya. Na ɗauka zai kore ni. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ustani."

Na ce, "Na'am, Lala."

"Gobe za su dafa?"

"Kowa a gidansa."

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya yi. Sai ya ce, "Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Tun kina ƙarama ba ki iya samun gaskiya cikin ladabi ba."

Na ce ban iya ba.

Ya ce a fitar da gadonsa bakin inji.

Laraba, bayan magariba

Ni da Bhabi da ɗanta babba muka ɗauki gadon. Mutane suka taru, don a unguwar nan ba a wuce abin kallo. Ya sa aka ba shi kofin ruwa. Ya riƙe da hannu biyu, ya nufi bakinsa, ruwan ya zube a ƙirjinsa. Ya sake nema, ya sake zubewa. Wani ya ce Allah ya isa tsakaninmu da 'yan sanda.

Lala ya ce, "Bayana suka doka. Hannun nan tun kafin su taɓa ni ya tafi. Ku tambayi Tasnim." Sai da ya faɗa sau uku kafin na baya su gane. Bhabi ta ce haka ne, ta faɗi na kofi, ta faɗi na maɓalli, ta faɗi na ƙyaure. Ya ce yanzu in ya kalli mutum fuskarsa kawai yake gani, gefe da gefe duhu, kamar mai leƙe ta bututu. Ya ce, "Ni na raba muku. Ku dawo mini da kayana."

Ba wanda ya motsa. Sai Masi Wazira ta ce, ba da kowa take ba, da ƙasa take magana, "Zakarana ya kwana biyu yana faɗuwa daga kan katanga." Ashe ta ɓoye shi a bayi.

Alhamis, da sassafe

Na buɗe ƙofa na yi tuntuɓe da buhu. Bayansa wani, da wani, da matashin kai guda biyu, da tukunya an ɗaure bakinta da tsumma. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ina tsaye Masi Wazira ta zo tana jan nata a ƙasa, gwiwar ta dawo mata. Na miƙa hannu zan taya ta.

Ta ce, "Kada ki taɓa ni. Ba don ke ba ne."

Na ce na sani, Masi.

Ban san ko duka ne aka dawo da su ba. Ba zan taɓa sani ba.

Asabar, da hantsi

Keken doki na jira a waje, za mu asibiti. Likitan bai ce zai warke ba, bai ce ba zai warke ba, ni kuma na karanta jaridar nan har ƙarshe, ban faɗa wa kowa ƙarshenta ba.

Amma ta juyo daga bango yau. Wata baƙuwa ta zo gaishe ta da jariri, uwata ta tambayi yaushe aka haife shi, aka ce watan jiya. Ta ce, "To, ɗan shekarar Rifat ne." Ban gane ko zagi ne ba. Ina jin ita ma ba ta yanke ba tukuna.

Na durƙusa ina sa wa Lala maɓallan rigarsa sai ga jirgin kaya ya shigo kwana, ƙarfe na kuka. Bhabi ta tsaya da tsintsiya a hannu. Lungu ya yi tsit. Lala ya karkata kai yana saurare, bakinsa a ɗan buɗe, har tarago na ƙarshe ya wuce lafiya.

Ya ce, "Siminti ne. Daga nauyinsa ake ji."

Na ce ya ɗaga haɓa, saura na sama.